Wayar da na ja a gidan surukina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Na san yadda ake yi a nan, mutum ya kawo damuwarsa, kafin ya rufe baki an yi masa ruwan zagi. Ban ce kada ku zage ni ba, na cancanta, ni ma tun ruwan farko na bana nake zagin kaina. Roƙona ɗaya ne, ku bari sai kun kai ƙarshe, wanda zai yanke mini hukunci kuma ya haɗa da shawara, domin akwai ran mutum a cikin maganar nan, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni Ba'adare ne, an haife ni a wani ƙauye kusa da Affala. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba. Da na tasa na tafi biɗa, wato cirani, Abijan kamar sauran samarin garinmu, a can Allah ya haɗa ni da wani mai aikin kuran, wato lantarki, na zauna hannunsa har na iya. Na ja waya a gidajen sama, na yi aiki a shaguna da gidajen burodi, ba a taɓa kirana aka ce aikina ya ƙone ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani mai tausayi ya ce jahilci ne ya sa ni. Ba jahilci ba ne. Na san abin da nake yi tun daga farko har ƙarshe, kuma shi ne abin da ke ci mini rai.

Da na dawo na buɗe ɗan shago a nan Tahoua, bara kuma na yi aure. Matata ɗiyar wani Alhaji ce, babban ɗan kasuwar albasa. Ba ya so na, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, ita ta nace, mahaifiyarta Hajiya ta tsaya mata, sannan ya bari. Tun daga neman auren har bayan biki bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce "yaron ga na Affala", ko "mai wayoyi". Ku da kuka san ƙasarmu kun san zaman suruki. Takalmi tun daga bakin ƙofa ake cire shi, a durƙusa ake gaisuwa, ba a haɗa ido, ba a cin abinci gabansa, in ka hango shi a hanya ka ratse. In ya ce rana daga yamma take fitowa sai ka ce haka ne, Baba. Haka aka tashe mu, haka na yi, kuma ina jin daɗin a ce ina da kunya.

A bazarar bana babban ɗansa da ke sayayyar kaya a ƙasar Sin ya aiko masa da wata ƙaramar mota mai aiki da kuran, don Alhaji ya huta da neman esansi, wato man mota, in zai je gonarsa ta hanyar Kalfu. Duk unguwar ba mai irinta. Yara na binta a guje saboda ba ta ƙara, sai dai ka ga ta wuce. Tare da ita aka aiko da akwatin sharji da ake kafawa a bango. Wata rana na dawo daga aiki matata ta tarbe ni da murna ta ce Baba na kirana. Ni, Baba na kira. Wallahi sai da na sa aka goge mini babbar riga, na sa turare, zan je aikin hawa tsani.

A gidan akwai wani tsoho Buzu mai gadi, zan kira shi Agali. Tun kafin a haifi matata yake gidan, shi ya riƙa kai ta lakwal a wuyansa, har yau ɗiyata yake ce mata. Wurin zamansa ƙarƙashin rumfar ƙarfe da ke bakin ƙofa, inda ake ajiye motar, nan yake dafa shayinsa. Shi kaɗai ne a gidan nake sakin jiki da shi. Yana ganina ranar ya gyara rawani ya ce, "Ango, yau dai an tuna da kai. Wanga turare na mota ne ko na mai mota?" Ban ko iya dariya ba, don Alhaji na zaune a kujera yana jira.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba ya ce, "An ce kai ma ka san aikin ga."

Na ce, "Ana taɓawa, Baba."

"To ga akwati. Ga waya nan na sa an ɗauko, ragowar wadda anka yi ma sito aiki, ta isa har ta yi saura. Jikin rumfa za ka kafa shi. Daɓen ga kuwa kar ka taɓa man shi, bai daɗe da gamawa ba."

Na ɗauki wayar. Tun a nauyinta na gane. Siririya ce, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila da fanka, da na kankare bakinta da wuƙa kuma sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama don a cuci mai saye. Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani a taƙaice. Mota ba fitila ba ce. In ta kama shan kuran kamar ka kunna dutsen guga da yawa ne a lokaci guda, ka bar su awa da awanni ba hutu. Tana son waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, a jawo mata ita kaɗai tun daga kontar, wato mitar gida. Tana son dijontar nata, wato ɗan makunnin da ke yanke kuran da kansa in ya ji waya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ko kuran na zurarewa. Sannan tana son abin da muke kira tar, sandar jan ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa don in kuran ya ɓace hanya ya bi ta nan maimakon ya bi ta jikin mutum. A ƙasarmu ta Adar, da marmara ce da dutse, ba a kafa tar da wasa, sai an haƙa rami mai zurfi, a zuba gawayi da gishiri, a jiƙa. Wato sai an fasa daɓe. Duk wannan yana cikin kaina a lokacin, ina durƙushe, wayar na hannuna. Kun san abin da na ce?

Na ce, "To, Baba."

Shi ke nan. Da wani Alhaji ne daban, da na ce masa ranka ya daɗe wannan waya ba za ta yi ba, in ba ka yarda ba nemi wani. Na sha faɗin haka, na sha barin aiki a kan haka. Amma ta yaya zan ce wa surukina, ranar farko da ya neme ni, gaban mutanensa, wayar da ka kawo jabu ce, an cuce ka ba ka gane ba, kuma daɓen da kake alfahari da shi zan sa masa diga? Na ce wa zuciyata motar ƙarama ce, wataƙila waya ta jure. Ƙarya nake yi, na kuma san ƙarya nake yi. Ba kunya ce kaɗai ba, kada in laɓe bayanta. Kwaɗayi ne. Ina so mutumin nan ya dube ni sau ɗaya ya ce na yi.

Na ja wayar daga kontar, na bi da ita bango, na ɗora ta kan ƙarfen rumfa, daidai ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa wuni guda. Maimakon rami, na ɗaure wayar tar a jikin ginshiƙin rumfar da noti, na ce ai shi ma a ƙasa yake, alhali cikin siminti yake a tsaye, busasshe ƙayau. Dijontar kam na ɗauko mai kyau daga shagona na sa, don in rage wa kaina nauyi. Ina kan tsani zufa na zuba, Agali ya miƙo mini kofin shayi ya ce, "Zufar aiki ce wagga ko ta suruki?" Na ce duka biyu. Fitilar akwati ta yi kore, mota ta kama sha, Alhaji ya gyaɗa kai ya shige ciki.

Ba a daɗe ba dijontar ya fara yankewa. A sa mota sharji, a jima kaɗan ya faɗi, a tayar, ya sake faɗuwa. Wata safiya Alhaji ya shirya zuwa gona ya tarar mota ba ta cika ba, ya fasa tafiya, mutane na jiransa a can. Bai kira ni ba, ɗiyarsa ya kira. Ta dawo gida idonta ja ta ce, "Ka san mi Baba yac ce? Ya ce wai mijinki ya iya aikin ne ko dai riga ya iya sawa. Gaban ƙannena ya faɗa. Don Allah ka tafi ka gyara, ka hidda ni kunya." Ban gaya mata komai ba. Dijontar ɗin nan gaskiya yake faɗa, shi kaɗai ne a cikinmu bai ji kunyar Alhaji ba. Yana cewa wayar na zafi, ku tsaya. Me na yi masa? Na bari sai da Alhaji ya tafi kasuwa, na shiga gidan, na kwance shi, na haɗa waya da waya kai tsaye, na mayar da murfi. Na sa shi a aljihu na fito. Har yanzu yana cikin akwatin kayan aikina, lafiyarsa lau.

Daga ranar mota ta riƙa cika. Alhaji ya aiko mana da buhun albasa. Ranar Juma'a da na je gaisuwa ya kira ni da sunana, ya ce wa abokinsa da ke zaune, "Shi yay yi man aikin motar." Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na koma gida ina taka ƙasa kamar an naɗa ni sarauta. Mutumin da ya san ya binne garwashi cikin gidan mutane, yana murna an kira sunansa. Wace irin zuciya ce wannan?

Sai ruwan farko ya sauka, bayan la'asar. Ruwa ya kwanta ƙarƙashin rumfa, mota na kan sharji. Agali ya tattara kayan shayinsa zai matsa, gwiwa na damunsa, ya kama ginshiƙin zai miƙe, ƙafarsa ba takalmi, cikin ruwa. Kuran ya riƙe shi. Hajiya ce ta gan shi daga ƙofar ɗaki, ta ce ko ihu bai iya yi ba, sai karkarwa, rawaninsa ya warware. Kun san abin da ya cece shi? Kuran gari ya ɗauke, kamar yadda ya saba in an yi hadari. Abin da muke tsine wa kullum, shi ya saki tsohon nan. Ya faɗi kan garwashinsa. Tafin hannunsa na dama ya ƙone, kafaɗarsa ma ta ƙone, yatsunsa har yau ba sa lanƙwasuwa yadda ya kamata.

Aka kai shi likita, aka aiko a kira ni. Na kashe kontar na hau tsani. Abin da na san zan gani shi na gani. Robar wayar ta narke daidai inda ta kwanta kan ƙarfe, zafin kwano daga sama, zafin mota daga ciki, waya tsirara ta manne da rumfa. Rumfar gaba ɗaya ta zama waya. Ina saukowa na tarar maƙwabta sun cika ƙofar gida, Alhaji na tsaye riƙe da wata 'yar waya mai baki uku da aka samo a kusurwar Agali. Da ita yake sa rediyonsa da salularsa sharji, daga fitilar ƙofa aka jawo masa ita tun shekaru, layinta daban, ba abin da ya haɗa ta da rumfa. Na san haka kamar yadda na san sunana.

Alhaji ya ɗaga ta sama ya ce, "Kai ne gwani. Wanga abu na iya jawo haka?"

Kowa ya juyo gare ni. Na durƙusa, kaina a ƙasa. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Da na ce a'a kawai, ko ban ƙara komai ba, da ya isa.

Na ce, "Yana iya yiwuwa, Baba."

Ya juya wajen mutane ya ce, "Kun ji. Mutum na cin tuwonka shina satar maka kuran, sauran kaɗan ya ƙone man gida da mota." Ni kuma da mutane suka watse na sake hawa tsani, na naɗe wurin da ya narke da sikoc, baƙar robar nan mai manne, na tura ɗan guntun roba tsakanin waya da ƙarfe, na sauko na ce an gyara.

Ranar da aka sallami Agali daga likita, ranar aka sallame shi daga gidan. Hajiya ta roƙa, matata da cikinta ta je ta yi kuka, Alhaji ya ce ya gama magana. Kafin ya shiga motar da za ta kai shi wajen 'yan uwansa ta Tébaram, ya biyo ta shagona, hannu a naɗe, ƙunshin kayansa a kafaɗar da ba ta ƙone ba. Na ba shi kujera bai zauna ba.

Ya ce, "Ango, tambaya guda za ni yi maka. Rediyona ne?"

Na ce, "Baba Agali, Allah ne masani."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa kaɗai ake gani cikin rawani. Sannan ya ce, "Awo. Shi ne masani." Ya gyara ƙunshinsa ya ce, "In ɗiyata ta sauka lahiya a aiko man. Ko ban zo ba in ji." Ya tafi. Bai zage ni ba. Na so ya zage ni, na so ya tofa mini yawu gaban shago kowa ya gani.

Ina cikin fushi, jama'a, fushin da ban san inda zan sauke shi ba. Ina fushi da masu shigo da wayar jabu, suna shafa mata ja suna jera ta a kasuwa, sun san a cikin gidajen mutane za a binne ta, su je su yi sallah sahun gaba. Ina fushi da Alhaji. Wane irin mutum ne zai kira mai sana'a ya gaya masa da wace waya zai yi aiki? Ni na taɓa zuwa sitonsa na koya masa yadda ake ajiye albasa? Mutum ya yi maka gadi tun kana da baƙin gemu, ya goya maka 'ya'ya, ka kore shi da hannu a naɗe saboda rediyo, ko sau ɗaya ba ka tambaye shi ba? Ina fushi da wannan kunya tamu da ta hana mutum ya buɗe baki ko da gida zai ci wuta. Wa ya ce ladabi shi ne ka bar surukinka ya kwana kan garwashi? Amma duk in na zagaya, kaina nake dawowa. Mai jabu bai hau tsani ba. Alhaji bai san bambancin waya da waya ba, shi ya sa ya kira wanda ya sani. Kunya ba ta kwance dijontar ba, hannuna ne ya kwance shi, da sukurdireba, da rana tsaka, ina waiwaye kamar ɓarawo. Kuma ba kunya ce ta ce yana iya yiwuwa ba. Tsoro ne, na ɗora wa tsoho kayana na tsira.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Matata cikinta ya tsufa, haihuwar fari ce. Kun san al'ada, gida za ta koma ta haihu, ta yi wankan jego har ta yi arba'in. Ranar Juma'ar nan mai zuwa za a zo a tafi da ita. Shekaranjiya na kai mata wasu kaya gidan. Ina shiga na tsaya cak. Hajiya ta sa an share kusurwar da Agali ke zama, an kafa murhu, an ɗora babbar tukunyar ruwan wanka, saboda damina ce, nan ne kaɗai wuri mai rufi da hayaƙi ba zai shiga ɗaki ba. An kuma ja igiyar shanya ta ƙarfe daga ginshiƙin nan zuwa bango, don tsummokin jariri. Hajiya na nuna mini tana murna, "Ka gani, komi ya kammala, ko ana ruwa ba ruwanmu." Mota na kan sharji a lokacin. Na yi kamar ina duba kwano, na miƙa hannu na taɓa wayar. Zafi kamar butar shayi. Sikoc ɗin da na naɗa ya yi laushi yana danƙo a yatsa. Nan matata za ta riƙa tsayawa safe da yamma, ƙafa cikin ruwa, hannu a jiƙe, mai jego da jiri ke ɗiba, abin da za ta fara kamawa in ta ji jiri shi ne ginshiƙin nan.

Kada ku ce ban gwada komai ba. Na ce mata ta haihu a ɗakinta, zan ɗauko mahaifiyata daga Affala ta kula da ita. Ta dube ni ta ce, "Haihuwar fari? So kake a ce uwata ta mutu ne, ko a ce ka raina gidanmu? Mi anka yi maka can?" Ta kwana ba ta yi mini magana ba. Na bi ta wajen Hajiya na ce a gaya wa Baba ya kamata a canja wayar motar a sa mai kauri, a haƙa rami, ni zan kawo kayan daga shagona. Amsar da ta dawo mini da ita, ga ta yadda ya faɗa: "Tun da Buzu yat tahi wa yas sake jin wani abu? In ba ta lalace ba mi za a gyara? In kuwa ta lalace, wa yal lalata ta?" Kun ga ramin da na haƙa wa kaina. Ƙaryar da na yi ita ce yanzu ke gadin wayar. Gyaran gaskiya ba ya ɓoyuwa, sai an cire waya tun daga kontar, sai an fasa daɓe, sai an ga na mayar da dijontar, duk mai ido zai tambaya me ya sa, kuma amsar guda ce.

Abu ɗaya na yanke, motar nan ba za ta sake shan kuran ta wannan waya ba matata na gidan, ko me zai faru. Hanya biyu ce gabana. Ta farko, na san inda zan taɓa a cikin akwatin sharji ya mutu murus, ba wanda zai gane, in ce kayan Sin ne, sai an aiko da wani. Kafin sabo ya iso ta yi arba'in ta dawo ɗakinta, in ya iso in ce wannan irin sai da waya mai kauri da rami. Kowa ya tsira, sunana ya tsira, aurena ya tsira. Agali kuma ya mutu a ƙauye da sunan ɓarawon kuran, da hannun da ba ya riƙe kofin shayi. Ƙarya ta uku ke nan, a kan biyun farko.

Ta biyu, in ɗauki kawuna mu je mu durƙusa gaban Alhaji in faɗi komai, wayar, ginshiƙin, dijontar, da rediyon da ba shi da laifi. Na san mutumin nan. Wanda ya kori Agali a kan zato, me zai yi wa wanda ya zo da bakinsa ya ce ni ne, kuma na bar ka ka zalunci bawan Allah gaban maƙwabta? Ɗiyarsa na hannunsa a lokacin, da jikansa. Yana iya cewa ta zauna ke nan, dama bai so ba. A Tahoua kuma labari ba ya kwana, ba mai sake ba ni ko ƙwan fitila in sa masa. Wannan duka zan iya ɗauka. Abin da ban san yadda zan ɗauka ba shi ne idon matata in ta ji. Har yau in ta zuba shayi sai ta ce ko Baba Agali na samun mai dafa masa. Ni kuma ina zaune gefenta ina cewa Allah ya ba shi lafiya.

In gaya mata tun yanzu, da cikin wata tara, ko in bari ta sauka? In fara zuwa Tébaram in nemi tsohon, ko in fara da Alhaji? Akwai malamai a shafin nan, ku gaya mini, in na kashe akwatin na ceci rai da ƙarya, na bar wanda na zalunta da tabonsa, Allah zai karɓa? Akwai masu surukai, akwai waɗanda suka aurar da 'ya'ya, in kai ne Alhaji, yaron nan ya zo ya durƙusa ya faɗa maka wannan, za ka mayar masa da ɗiyarka?

Yau Talata. Matata ta gama ɗaure kayanta, tana can tana wanke 'yan rigunan jariri tana waƙa. Me zan yi?